Filin Manoma: Lissafin Gona Ma Yana Bukatar Rumbu Biyu

Tun zamanin kakanni manomi mai hankali ba ya tara irinsa wuri guda. Ya kan rataye wani a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari, ya zuba wani a rumbu, wani kuma ya kai gidan ɗan'uwansa ajiya. In gobara ta ci nan, can yana nan. To, yau akwai wata dukiya da manoma ke tarawa wuri guda ba tare da tsoro ba, watau lissafin gona.

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙungiyoyin manoma sun yi yawa, na masara, na rake, na tumatir da tattasai. Sakatarori da yawa sun bar babban littafi sun koma kwamfuta ko waya. A ciki a ke rubuta wanda ya karɓi taki bashi da buhu nawa ne, da kuɗin mazarƙwailar da ba a biya ba, da yawan kwandunan tumatir da a ka ɗora wa mota zuwa Legas. Tun 2012, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta soma raba taki ta hanyar saƙon waya, manoma su ka ga sunan mutum a cikin na'ura ya zama abin tsaro kamar takardar gona.

Ita kuwa kwamfuta maƙiyanta ba su gaza na hatsi ba. Ƙurar hunturu tana shigarta, zafin bazara yana gajiyar da ita, wutar lantarki ta kan zo da ƙarfi ta ƙone ta, ga kuma ɓarawo. Ran da ta mutu, lissafin mutum hamsin ya tafi ke nan. Sai gardama ta tashi, wannan ya ce ya biya, wancan ya ce buhu biyu ya karɓa ba uku ba, ƙungiyar da a ka sha wuya a ka kafa ta watse.

Maganin abin shi ne ajiyar nesa. Akwai kamfanonin da su ka gina manyan gidaje cike da kwamfutocin ajiya. Kai kuma sai ka sa wata 'yar manhaja a kwamfutarka, ka nuna mata takardun da ka ke so a tsare. Duk sa'ad da ka kunna intanet, sai ta aika da kwafinsu can. Karo na fari ne kaɗai ke cin data da yawa, gama bayan wannan abin da ka sake ko ka ƙara shi kaɗai ta ke aikawa. Google Drive yana ba mai adireshin Gmail wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki hotunan shafukan littafi dubbai. Saboda haka ko mai rubutu da biro yana iya ɗaukar hoton kowane shafi da waya ya aika.

Kada wani ya ce wannan fitinar 'yan boko ce. Manyan masanan gona ma haka su ke yi da iri. A 2008 a ka buɗe wani rumbu cikin dutse a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, inda sanyi ba ya ƙarewa, cibiyar binciken gona ta IITA da ke Ibadan kuwa tana cikin waɗanda su ka fara kai irin wake da masara can ajiya. Da yaƙi ya raba masanan cibiyar ICARDA da ma'ajiyarsu ta Halab a ƙasar Siriya, sai su ka karɓo ajiyarsu daga Svalbard a 2015, su ka sake shukawa a Labanon da Maroko.

Amma fa rumbun nesa ma rumbu ne, wuta tana cinsa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gidajen ajiya na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗansu masu ajiya da ba su da kwafi a wani wuri su ka yi hasara. Don haka masana su ke cewa a riƙe kwafi uku. Ɗaya a kwamfutar da a ke aiki da ita, ɗaya a filas ko katin memori a hannun ma'aji, ɗaya kuma a can nesa.

Ga waɗansu abubuwa uku da ya kamata sakatare ya kiyaye. Na fari, abin da ka goge a kwamfutarka ya kan goge a can ma. A Google Drive ya kan zauna cikin kwandon shara kwana 30, sa'an nan ya ɓace ɗungum. Na biyu, kalmar sirri ita ce mabuɗin rumbu. A rubuta ta a takarda a ba shugaba da ma'aji, a kuma kula da layin wayar da a ka yi rajista da shi kada ya mutu, don ta nan a ke aiko lambar buɗewa. Kada a ba baƙon da ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne. Na uku, a riƙa gwadawa. Kun san yadda mu ke gwajin iri kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a sa a jiƙaƙƙen buhu, bayan mako a ga nawa su ka tsiro. Haka nan kowane wata sakatare ya ari wayar wani, ya shiga ma'ajiyar a gaban ma'aji, ya ga ko lissafin makon jiya ya isa.

Wanda intanet ba ta da ƙarfi a ƙauyensu, sai ya mai da abin al'ada, duk ranar kasuwa in ya shigo Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi ya kunna data ya aika kafin ya koma gida. Shugabannin ƙungiyoyi, a zamanku na gaba ku tambayi sakatare inda kwafi na biyu ya ke, tun ba a soma rabon takin bana ba. Allah shi ba mu damina mai albarka, amin.