Masu Farautar Laimar Kwaɗi A Gombe

Da zarar ruwa ya zauna cikin watan Agusta, mai neman laimar kwaɗi a Gombe sai ya yi sammako ya nufi dajin Kanawa. Ba baka, ba kare, daga kwando sai abin ɗaukar hoto. Wadda ke tsirowa jikin suri ita aka fi so, domin gara ce ke noma ta cikin gidanta, kuma ba ta daɗewa take ruɓewa.

To, amma fa hoto ba ya rarrabe ta ci da mai dafi. Akwai wadda ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe dafinta, ciwon cikin ma ba ya tasowa sai bayan awa 6 ko fiye, lokacin da an daɗe da wanke tukunya.