Tsaron Ƙasa Da Leƙen Asirin Masallatai: Darasi Daga Birnin New York

 A wannan mako muna so mu tattauna da masu karatu a kan wata matsala wadda ta daɗe tana ci wa ƙasashe masu mulkin dimokuraɗiyya tuwo a ƙwarya, watau yadda gwamnati za ta kare jama'arta daga masu zubar da jini da sunan siyasa ko addini, ba tare da ta mai da duk mai zuwa masallaci abin tuhuma ba. Maganar ta shafe mu, domin a cikinmu akwai fatake masu tafiya ƙasashen Turawa, akwai masu 'ya'ya a jami'o'in can, akwai kuma ma'aikatan gwamnati waɗanda wata rana za a ajiye musu fayil ɗin wani bawan Allah a ce su sa hannu. Za mu ɗauki birnin New York na Amurka a matsayin misali, don kuwa abin da ya faru a can an tone shi a jaridu, an kuma kai shi gaban alƙalai.

Kowa ya san abin da ya auku ran 11 ga Satumba, 2001, lokacin da 'yan al-Ƙa'ida suka hallaka mutane kusan 3,000 a Amurka, mafi yawansu a New York. Wannan ta'asa ce wadda babu Musulmin kirki da zai nema mata uzuri, kuma babu mai hankali da zai zargi hukumar birnin don ta tashi neman hanyar hana sake aukuwarta. Inda gizo yake saƙa shi ne hanyar da ta bi.

Rundunar 'yan sandan birnin ta kafa wani sashe na asiri, da taimakon mutanen da suka ƙware a hukumar leƙen asiri ta CIA, aikinsa shi ne zana taswirar zaman Musulmi. An jera sunayen asali kusan 30 waɗanda za a sa wa ido, galibinsu na ƙasashen Musulmi, har da baƙar fatar Amurka da suka musulunta. 'Yan sandan ciki suka riƙa shiga gidajen abinci da shagunan naman halal da wuraren aski, suna saurarar hira, suna rubuta wace tashar talabijin ake kallo. An kuma ɗauki 'yan rahoto ana biyansu su zauna a masallatai su kwaso abin da liman ya faɗa a huɗuba. Aikin bai tsaya a New York ba, ya ƙetara har birnin Newark a jihar New Jersey, ya kuma shiga ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi na jami'o'i. Kai, a shekarar 2008 wani ɗan sandan ciki ya bi ɗalibai yawon shaƙatawa a kogi, ya dawo ya rubuta a rahotonsa sau nawa suka yi salla!

Daga ina wannan tunani ya fito? A shekarar 2007 rundunar ta buga wani rahoto a kan yadda saurayi yake rikiɗa ya zama ɗan ta'adda. Rahoton ya tsara abin hawa-hawa kamar tsani, ya kuma lissafa alamun hawa, cikinsu har da barin gemu, da sa tufafin Musulunci, da barin shan taba da giya. Watau abin da uba zai gani ga ɗansa ya yi hamdala, shi ne hukuma ta ɗauka alamar haɗari.

Masanan da suka duƙufa a kan wannan fanni ba su tafi a kan haka ba. Marc Sageman, likitan ƙwaƙwalwa wanda shi ma ya taɓa aiki a CIA, ya bi tarihin mutum 172 na ƙungiyoyin nan a littafin da ya fitar a 2004, ya tarar abin da ya fi jan su shi ne abota da dangantaka, aboki ya ja aboki, suruki ya ja suruki, kuma da yawansu ba su tashi a makarantun addini ba. Haka kuma a 2008 jaridar Guardian ta Ingila ta fallasa wani binciken asiri na hukumar MI5, wanda ya nuna cewa da yawa daga cikin masu shiga ta'addanci farin shiga ne a addini, iliminsu ƙalilan ne, kuma wanda ya kafu sosai a addininsa ya fi samun kariya daga wannan ɓata. Malamanmu na zaure ba za su yi mamakin wannan ba, domin tun dā suna faɗa cewa guntun ilimi ya fi jahilci haɗari.

Asirin sashen nan ya tonu a 2011, lokacin da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya fara buga takardunsa, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Pulitzer a 2012. A wannan shekara ta 2012 aka rantsar da Thomas Galati, wani babban jami'in sashen asiri na rundunar, ya amsa cewa a tsawon shekarun da ya sani, aikin taswirar bai kai ga buɗe binciken ta'addanci ko ɗaya ba. An rushe sashen a watan Afrilu na 2014. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba Musulmin New Jersey damar ci gaba da ƙararsu, alƙalin ya kuma tuna wa ƙasar abin da ta yi wa Amurkawa 'yan asalin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. A 2017 kotu ta amince da sulhu a wata ƙarar, aka sa wani lauya daga wajen rundunar ya riƙa zama a kwamitin da yake duba irin waɗannan bincike, aka kuma cire rahoton nan na 2007 daga shafin rundunar na intanet.

Amma fa ɓarnar da aka riga aka yi ba ta gyaru da sa hannu a takarda ba. Wani bincike da ƙungiyoyin lauyoyi suka fitar a 2013 ya nuna yadda limamai suka shiga tsoron taɓa maganar siyasa, ɗalibai suka guji ƙungiyoyinsu, masallata suka riƙa yi wa baƙo da sabon musulunta kallon ɗan rahoto. To, jama'a, idan saurayi ya fara jin wata muguwar huɗuba a intanet, wa ya kamata ya tunkara in ba limamin unguwarsu ba? In liman yana tsoron amsa masa don kada ya zama ɗan saƙon 'yan sanda ne, to an rufe ƙofar da ta fi kowace amfani.

Akwai kuma wata asarar. Idon da ya kafe a waje guda ba ya ganin abin da yake tahowa ta baya. Ran 15 ga Maris, 2019, wani Bature mai aƙidar fifita farar fata ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a ƙasar New Zealand, ranar Juma'a. Hukumar binciken da aka kafa ta ba da rahoto a Disamba 2020. Ba ta ce da ma an iya gano mutumin ba, amma ta tabbatar da cewa hukumomin tsaro sun tattara ƙarfinsu fiye da kima a kan Musulmi, har Firayim Minista Jacinda Ardern ta nemi gafara a kan haka.

Yanzu mu dubi abin da shari'armu ta tanada. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat Allah ya hana yawan zato, ya hana bin diddigin asirin mutane, abin da malamai suke kira tajassusi. A aya ta 6 ta wannan sura kuma ya umarce mu da tantance labari kafin mu auka wa mutane cikin rashin sani. Amma malamai ba su ce hukuma ta naɗe hannu ba. Imam al-Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 450 ta Hijira, ya yi bayani a littafinsa al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba shi da ikon binciken laifin da aka ɓoye, sai fa idan amintacce ya kawo masa labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. A nan sai ya kutsa. Watau sharuɗɗan uku ne: labari daga amintacce, mutum sananne, da cuta babba mai gabatowa. Gemu da yawan salla ba su cikin lissafin.

Haka Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, ya bi da Khawarijawa, waɗanda su ne farkon masu wuce gona da iri a tarihinmu. Ya aika Abdullahi ɗan Abbas ya yi muƙabala da su, da yawa suka dawo. Sauran kuwa ya sanar da su cewa ba zai hana su masallaci ba, ba zai yanke musu rabonsu na baitulmali ba, ba zai fara yaƙarsu ba. Sai da suka zubar da jinin bayin Allah sannan ya yaƙe su a Nahrawan. Daga baya ɗaya daga cikinsu ne ya kashe shi a Kufa a shekarar 40 ta Hijira, kuma wannan ya nuna mana cewa tsayawa a kan ƙa'ida yana da tsada, amma duk da haka malamai a kan tafarkinsa suka gina hukuncin 'yan tawaye.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nauyin duka yana kan hukuma. A watan Nuwamba na 2009, wani dattijo daga cikinmu, Alhaji Umaru Mutallab, ya tafi ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ba da labarin cewa ɗansa Umar Faruk ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman. Duk uba ya san zafin wannan tafiya. An sa sunan yaron a wani kundi mai ɗauke da sunaye wajen rabin miliyan, ba a soke bizarsa ba, ba a hana shi hawa jirgi ba, har ran 25 ga Disamba ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit, Allah ya kiyaye bam ɗin bai tashi sosai ba. Labari sahihi daga amintacce, irin wanda al-Mawardi ya ambata, ya nutse a cikin tulin sunaye. Me ya biyo baya? A Janairu 2010 aka sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 waɗanda za a tsananta binciken matafiyansu, watau aka koma wa kuɗin goro, har sai da aka janye tsarin bayan 'yan watanni.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ma'aikata, musamman masu riƙe da asirin jama'a, su riƙa tambaya kafin su sa hannu: wa ya kawo labarin, me mutumin ya aikata, wace doka ta ba da izini, wa zai duba aikinmu? 'Yan kasuwa da iyaye kuwa, mu san abokan 'ya'yanmu na gida da na waje, mu ɗauki nauyin malamai masu zurfin ilimi waɗanda za su zauna da samari su amsa musu tambaya komai nauyinta. In kuwa muka ga alamar za a taɓa ran wani, kai rahoto wajibi ne, ba ya cikin gulma ko tajassusi, domin kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Allah ya tsare mu daga zalunci da wuce iyaka, ya shiryi zuriyarmu, ya ba shugabanni ikon yin adalci. Amin.