Adashi da Ƙidaya: Yadda Talakawan Gana Suka Tsaya wa Matsugunansu

A bakin tafkin Korle, cikin birnin Accra, akwai unguwar da ake kira Old Fadama. Yawancin mazaunanta 'yan arewacin Gana ne, waɗansu neman abinci ya kawo su, waɗansu kuma gudun rikicin Konkomba da Nanumba na 1994. Cikinsu akwai 'yan mata masu dako a kasuwar Agbogbloshie, da masu sayar da doya, da 'yan gwangwan. Ɗakunan katako ne da kwano, ƙasar kuwa ta gwamnati ce.

A 2002 hukumar birnin ta ba su takardar tashi. Suka je kotu, ba su yi nasara ba. Da ƙyar talakan da ba shi da takardar fili yake cin shari'a irin wannan. Sai suka sauya dabara, suka ɗauki hanyar da matan da ke kwana a gefen titi a Mumbai ta Indiya suka fara bi tun 1986, a ƙungiyarsu ta Mahila Milan, hanyar da daga baya ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama ta hannun SDI, ƙawancen ƙungiyoyin mazauna unguwannin talakawa da aka kafa a 1996.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Zubi ne na kullum, kamar adashi, sai dai ba a kwasa a raba. Mai karɓa tana bi ɗaki ɗaki kowace rana, ta rubuta abin da kowa ya bayar, ko da sule ne. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Wadda take shiga gida gida kullum ta san wanda ba shi da lafiya, ta san wanda mai ɗaki ya tsananta wa, ta san wanda ya cika alkawari. Ta haka mutanen da ba su haɗa yare ba suka zama jama'a mai shugabanni da littafin lissafi, wadda za a iya zama da ita a teburi.

Mataki na biyu shi ne ƙidaya. Hukuma ba ta san yawansu ba, kuma wanda ba a ƙirga ba, korarsa ba ta da wuya. Da taimakon ƙungiyar People's Dialogue, mazauna suka ƙirga kansu da kansu, sau da dama. Ƙidayar 2009 ta nuna mutum kusan 80,000, mafi yawansu masu sana'a a kasuwannin da ke ciyar da birnin. Wannan adadi ya sa masu mulki sake tunani: ina za a kai jama'a haka?

Kada a ɗauka komai ya tafi daidai. Bayan ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai ta hallaka fiye da mutum 150, katafila ta shiga Old Fadama ta rushe ɗakunan da ke bakin ruwa, dubbai suka kwana a waje. Haɗin kai ya jinkirta rusau, bai ba su ƙasa ba.

A Ashaiman, kusa da Tema, labarin ya bambanta. 'Yan zubin unguwar Amui Dzor sun samu fili ta hannun sarakunan gargajiya, suka haɗa ajiyarsu da rance da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka gina bene mai ɗaukar iyalai 31. A ƙasansa aka yi shaguna da gidan wanka da bahaya na haya, kuɗin da suke kawowa na rage nauyin bashin. Iyalai 31 kaɗan ne ƙwarai a garin da dubbai ke neman makwanci, amma a ganina sun isa hujja: talaka na iya biyan gida idan an sauƙaƙa masa fili da rance mai dogon zango.

Saboda haka mazauna unguwannin da ba su da takarda, a Kano ne ko Damagaram ko Kumasi, kada ku jira ranar da za a shafa wa bangonku jan fentin rusau. Ku kafa ƙungiya, ku fara zubi, ku rubuta sunan kowane gida da yawan mutanensa, sannan ku nemi zama da hukuma kan maganar fili.