ABIN DA KE HANA MUTUM FAƊUWA

Sau da yawa akan kawo mana tsoho ko tsohuwa ɗakin shan magani da karaya a ƙugu ko a wuyan hannu. In mun tambaya, sai a ce da dare ne, ya fita zai kewaya, ya faɗi. Mutanen gida su ce ai tsufa ne. Gaskiya tsufa na ciki, amma akwai wani dalili, kuma ana iya tsare shi.

Ƙwaƙwalwar mutum kamar alƙali take, tana da shaidu uku masu gaya mata yadda jiki yake tsaye.

Shaida na fari ido ne. Shi ke nuna inda ƙasa take, da bango, da rami.

Na biyu yana can cikin kunne, bayan dodon kunne. Akwai 'yan bututu 3 lanƙwasassu cike da ruwa, da 'yan jakunkuna 2 masu ƙananan tsakuwoyi. Da ka juya kai sai ruwan ya motsa, ƙwaƙwalwa ta sami labari. Shi ya sa in yaro ya yi hajijiya ya tsaya, sai ya ga duniya na juyawa. Shi ya tsaya, ruwan bai tsaya ba tukuna.

Na uku shi ne jin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsoka. Ko ba ka duba ba, ka san kana kan yashi ne ko kan dutse.

In shaidun nan sun saɓa, sai jiri ya zo. Mai tafiya a mota da ya sunkuyar da kai, idonsa na cewa a zaune yake, kunnensa na cewa ana gudu, sai amai ya taso masa. Ya ɗaga kai ya dubi nesa, zai sami sauƙi.

In shaida ɗaya ya raunana, sauran biyun sukan riƙe mutum. In biyu suka gaza, to, faɗuwa ta yi kusa. Mai kuturta ko mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta daina ji, da rana yana tafiya lafiya don idonsa na taimakonsa. Da duhu ya yi sai ya kama tangaɗi. Haka tsoho mai yanar ido, ga shi kunne da ƙafa sun yi rauni.

Ga yadda za ku gwada. Mutum ya tsaya kusa da bango, ya haɗa ƙafafu, wani na tsaye dab da shi don ya tare shi. Sa'an nan ya rufe ido. In ya yi kamar zai faɗi, a kai shi likita ya duba.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya yi:

1. Kada tsoho ya fita da dare ba fitila ko tocila. A ba shi sanda.
2. Kafin magariba a kawar da turmi da taɓarya da igiyar akuya daga hanyar bayan gida. A cike ramukan tsakar gida.
3. Wanda ya farka ya ɗan zauna a bakin gado tukuna, kada ya miƙe farat ɗaya.
4. Ana cire yanar ido a asibiti. Kada a bari wani ya soki idon a gida.
5. Mai dundumi ya riƙa cin hanta da manja da zogale da gwanda, a kuma kai shi asibiti.
6. Kada a karɓi allura a hannun ɗan kasuwa. Waɗansu allurai, kamar jentamaisin, suna iya lalata cikin kunne har abada.
7. Ƙafar da ta daina ji a nuna ta da wuri. Kuturta tana warkewa, kuma maganinta kyauta ne.

In jiri ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu, kada a jira gari ya waye. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi mota nan da nan a tafi asibiti.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida.