Rimin Gado da Wuraren Shan Iska: Dalilin Tanadin Filayenmu Tun Yanzu

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, Ƙaramar Hukumar Rimin Gado tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Tana yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo, tazarar kimanin kilomita 20, kuma tana maƙwabtaka da Tofa da Kabo da Kumbotso. Faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 225 ne, sannan ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 104,790. Ma'ana, tun a wancan lokaci akwai fiye da mutum 450 a kowane murabba'in kilomita, kuma daga lokacin zuwa yau jama'a ƙaruwa suka yi, ƙasa kuwa tana nan yadda take.

Manufar wannan bayani ita ce jawo hankalin mazauna karkara da jami'an ƙaramar hukuma zuwa ga wata dukiya da muke da ita amma ba mu cika lissafa ta ba, wato inuwar itatuwa da sararin fili da bakin ruwa, inda mutum zai fita ya sha iska, yaro ya yi wasa, dattijo ya huta. Birni yana matsowa gare mu kullum, kuma abin da ba a keɓe ba kafin isowarsa, da wuya a same shi bayan ya iso.

Yadda wasu birane suka yi

Biranen da suka yi suna wajen kusanci da daji da lambuna, yawancinsu tanadi suka yi tun ƙasa tana da araha. A Amurka, hukumomin birnin New York sun keɓe filin Central Park, mai faɗin kadada 341, tun a shekarun 1850, lokacin da gine-gine ba su kai wurin sosai ba. Yau yana tsakiyar birnin. A Ingila, an yi doka a 1938 domin barin zoben gonaki da dazuzzuka kewaye da Landan. A Kenya, an kafa gandun namun daji na Nairobi a 1946, kilomita kaɗan daga tsakiyar gari. A nan gida Najeriya kuma, an buɗe lambun Millennium Park na Abuja a 2003, a birnin da aka zana taswirarsa da wuraren shaƙatawa kafin a gina shi.

Shi kansa birnin Kano yana da irin wannan tarihi. Ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, ta kewaye gidaje har da gonaki da filaye masu yawa, domin mutane su sami abin yi da abin ci ko da an yi wa gari ƙawanya. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa fili ne da gonaki. Yau kusan duk waɗannan filaye sun zama gidaje, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, har gindin Dala da Goron Dutse gidaje ne. Wannan darasi ne a gare mu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke da shi a gida

Ƙasar Rimin Gado ba daji ba ce, ƙasar noma ce da kusan kowane taƙi yake da mai shi. Amma duk wanda ya bi hanyar Gulu ko Butu-Butu ko Yalwan Danziyal zai ga gonakinmu cike suke da itatuwa: kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo da kanya da ɗinya da mangwaro da darbejiya, ga kuma rimi wanda garin ya samo sunansa daga gare shi. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun a shekarun 1960, kuma ya nuna cewa duk da yawan jama'a, manoman wannan yanki sun riƙe itatuwan gonakinsu, domin kowace bishiya tana da mai ita kuma tana da amfani.

Amfanin kuwa sananne ne. Kuka tana ba da miya, ɗorawa tana ba da kalwar daddawa, tsamiya tana shiga kunu. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyensa yana zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Bayan wannan duka, inuwarsu ita ce majalisarmu da wurin hutawarmu a zafin bazara.

Har ila yau muna da filayen da al'umma ta gada: dandali, filin idi, filin ƙwallo, harabar makaranta, burtali da makiyaya, da fadamu inda ake noman rani. A nan ne ake kokawa da dambe bayan kaka, yara su yi langa da 'yar ɓuya da farin wata, masu dawaki su yi kilisa da yamma. Abin da mutumin birni yake biyan kuɗin mota ya je ya gani, mu a bayan gida muke da shi.

Wuraren da za a iya kai ziyara

Baya ga na gida, jiharmu tana da wuraren da makarantu da ƙungiyoyin matasa da iyalai za su iya ziyarta. A cikin birni akwai Dutsen Dala, mazaunin Barbushe a tarihin Kano, inda mai hawa yake hango gari ta kowace kusurwa. Akwai gidan namun daji na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970. A yammacin jihar, wato ɓangarenmu, akwai madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, da ta Guzuguzu a Kabo, da ta Challawa a Ƙaraye wadda aka kammala a 1992. A kudu akwai madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da tafkin Bagauda a Bebeji. Can gaba kuma akwai dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Wannan daji ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane a shekarun baya, saboda haka duk mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hukumomin da ke kula da shi da jami'an tsaro.

Amfani ga lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yaro mai shekara 5 zuwa 17 kuma ya sami minti 60 a kowace rana. Manomi yana samun fiye da haka da damina. Amma ma'aikacin ofis da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa da matan da ke cikin gida ba lallai su samu ba, alhali hawan jini da ciwon suga suna da alaƙa da rashin motsa jiki. Tafiya a ƙafa bayan sallar Asuba ko bayan La'asar ba ta buƙatar kuɗi, hanya mai inuwa da aminci kawai take buƙata.

Sai dai wajibi ne mu yi hattara da ruwa. Wanka a kududdufi da magudanar noman rani yana jawo tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum. Alamarta fitsarin jini, kuma ana maganinta a asibiti. Ramukan da aka haƙi ƙasa ko yashi sukan cika da damina su yi zurfi, don haka kada a bar yara su je su kaɗai.

Barazanar da ke tafe

Duk mai bin hanyar Gwarzo ya san yadda gine-gine suka bi titi daga Kabuga, suka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, suka nufi Janguza. Idan gari ya matso, farashin gona yakan tashi, sai magada su sayar, a yanka fulotai, a sare itatuwan ciki a rana ɗaya. Mai yanka fuloti ba safai yake barin filin wasa ba, domin kowane taku kuɗi ne. Ta haka ake cin burtali, a matse filin idi, a gina shaguna a jikin makaranta. Toshe burtali kuma shi ne mafarin rigimar manomi da makiyayi. Kukar da ta shekara ɗari, ba a maye gurbinta a rayuwar wanda ya sare ta.

Abin da doka ta tanada

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya samarwa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, da ikon karɓar fili domin amfanin jama'a tare da biyan diyya, a ƙasar da ba a ayyana ta a matsayin birni ba. Da zarar gwamna ya ayyana wani yanki a matsayin birni, ikon ƙasar ya koma hannun gwamnatin jiha. Wannan ya nuna cewa damar da ƙaramar hukuma take da ita tana da lokaci.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, kowane dagaci da mai unguwa, tare da kansila da dattawan gari, su lissafa filayen al'umma da ke yankinsu, a auna su, a kafa alamomin iyaka, a rubuta, a ajiye kwafi a sakatariya da gidan hakimi. Filin da ba shi da takarda, shaidarsa tana tafiya ne da dattijon da ya san iyakarsa.

Na biyu, kada a amince da sabon yankan fulotai sai an ware filin wasa da hanyoyi masu faɗi da mashigar ruwa.

Na uku, a yi dashen itatuwa a farkon damina a makarantu da asibitoci da kasuwanni da maƙabartu, a killace su daga awaki, a ɗora wa wani mutum sananne alhakin ban ruwa da rani. Kano tana cikin jihohi 11 na arewa da shirin kafa shingen itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa, amma dashen da ba a shayar ba, ba ya kai wa damina ta biyu.

Na huɗu, manomi ya riƙa barin tsiron gawo da ɗorawa da ya fito da kansa a gona, ya yi masa sassabe maimakon ya tumɓuke shi. Masu hali kuma su tuna cewa ba da fili waƙafi domin al'umma, ko dasa bishiyar da mutum da dabba za su amfana, sadaka ce mai gudana.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin al'umma da malamai da ƙungiyoyin ci gaban gari da su sanya wannan batu a cikin tarurrukansu tun kafin kakar sayar da gonaki ta gaba. Iyayenmu sun bar mana inuwar da muke zama a ƙarƙashinta, kuma 'ya'yanmu suna da haƙƙin su tarar da tasu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.