YATSA MAI MAƘALEWA: DALILINSA DA MAGANINSA

Maigida da uwargida, ga wani ciwo na hannu wanda ya kamata ku san shi. Mutum ya dunƙule hannunsa, in ya zo buɗewa sai yatsu huɗu su miƙe, ɗaya ya tsaya a lanƙwashe. Sai ya yi ƙarfi, ko ya sa ɗaya hannun ya ja, sa'an nan yatsan ya ɓalle, ƙas, da zafi. Turawa suna kiransa da sunan kunamar bindiga, domin haka take ɓallewa. Mu kuwa sai mu ce maƙalewar yatsa.

Ciwon ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Amma ku duba abin da yake hanawa. Mace ba ta iya riƙe taɓarya ko jan guga. Mai lambun albasa ba ya iya riƙe fartanya. Tela ya kasa da almakashi, mahauci ya kasa da wuƙa, ɗan kabu-kabu mai zuwa Ƙwanni ya kasa matsa birki. Wanda hannunsa ne jarinsa, yatsa ɗaya ya isa ya tsayar masa da abinci.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN HANNU

Waɗansu suna cewa iska ce ta taɓa mutum, waɗansu su ce sammu ne. Ba haka ba ne. Tun shekarar 1850 wani likita Bafaranshe mai suna Notta ya rubuta bayanin ciwon nan, yanzu kuwa an san dalilinsa sarai.

Naman da ke lanƙwasa yatsu yana can a damtsen ƙasa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Daga nan waɗansu jijiyoyi farare masu ƙarfi suka taho ta tafin hannu har cikin yatsu, irin waɗanda kake gani a ƙafar akuya in an feɗe ta. Kowace jijiya tana bi ta cikin waɗansu zobba da ke riƙe ta jikin ƙashi. Zobe na farko yana cikin tafin hannu, daidai gindin yatsa.

To, ka tuna da mazagin wando. In yana sumul, sai ya yi ta zirga-zirga cikin ƙubaka ba wahala. In ya yi ƙulli, ko ƙubakar ta tsuke, sai ka ja ya ƙi, ka ƙara ja ya wuce da ƙarfi. Haka jijiyar nan take. Zoben ya yi kauri, jijiyar ta yi ɗan ƙulli, sai ta maƙale a bakin zoben. Ƙarar da kake ji, ƙullin ne yake ƙetare zobe.

WA CIWON YA FI KAMAWA?

Ya fi kama mata bisa maza, ya kuma fi yawa ga masu shekara 40 zuwa 60. Babban yatsa da yatsan da ake sa wa zobe su ya fi so. Aikin da ake damƙe abu da ƙarfi wuni guda, kamar daka da sassabe da tatsa, yana ƙara tsananta shi.

Babban abin lura kuwa shi ne ciwon sukari. Cikin mutum 100, kamar 2 ko 3 ne za su gamu da maƙalewar yatsa a rayuwarsu, amma cikin masu ciwon sukari ana samun wajen 10, kuma sau da yawa yatsa fiye da ɗaya. Saboda haka duk wanda yatsansa ya maƙale, lalle ya sa a auna masa sukarin jini. Wani ta nan ake gane yana da ciwon da bai sani ba. Masu amosanin gaɓoɓi su ma yana kama su.

YADDA ZA KA GANE SHI

1. Da asuba ya fi tsanani. In hantsi ya yi, hannu ya motsa, sai ya ɗan saki.
2. Ka danna tafin hannu a gindin yatsan, za ka ji zafi.
3. Ka bar yatsanka a wurin, ka lanƙwasa mai ciwon, za ka ji ɗan ƙulli kamar ƙwayar dawa yana motsi.

Akwai ciwo biyu da ba a so ka rikita su da wannan. Na ɗaya, in yatsa ya kumbura, ya yi ja da zugi, ga zazzaɓi, musamman bayan sukar ƙaya ko ƙashin kifi, wannan ruɓa ce ta shiga. Kada ka kwana, ka tafi asibiti ran nan. Na biyu, in yatsu suna lanƙwashewa a hankali, ba ka jin zafin wuta ko tsinin allura, ga tabo fari-fari a jiki, a duba ko kuturta ce. Tana warkewa, maganinta kyauta ne, akwai asibitinta a Amanawa kusa da Sakkwato.

ABIN DA ZA KA YI A GIDA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ciwon sabo ne, ga abin yi:

1. Ka rage wa hannun aikin damƙa mako biyu ko uku. Yara da abokan zama su taimaka da daka da jan ruwa. Ka naɗa tsumma a ƙotar fartanya ta yi kauri da taushi.
2. Da safe ka tsoma hannun cikin ruwan ɗumi, ka motsa yatsun sannu-sannu.
3. Da dare ka ɗaure yatsan a miƙe. Ka sami ɗan icce mai faɗi, ka naɗe shi da ƙyalle mai tsabta, ka ɗaura a ƙarƙashin yatsan. Kada ɗaurin ya matse. In kan yatsan ya yi sanyi ko ya mutu, ka sassauta. Ka yi haka kullum dare har mako 6.
4. Domin zafi, farasitamol ya isa. Ibufurofen yana taimako, amma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mace mai ciki kada su sha sai da izinin ma'aikacin lafiya.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

Kada ka bari a fizge yatsan da ƙarfi. Ba targaɗe ba ne, ba karaya ba ce, saboda haka ba aikin maɗori ba ne. Kada a yi maka tsaga ko sakiya a tafin hannu. A gefe biyu na jijiyar nan akwai ƙananan jijiyoyin ji da na jini. In aska ta taɓa su, yatsan zai mutu, ko ƙazanta ta shiga, ciwon da ya fi na farko ya same ka. Kada kuma ka je kanti a yi maka allura a hannu.

MAGANIN ASIBITI

In ka yi mako 6 ba sauƙi, ko yatsan ya ƙi miƙewa sam, ka zo ɗakin shan magani a duba ka, a ba ka takarda zuwa Babban Asibitin Illela. Kada ka yi ta jira, domin yatsan da ya daɗe a lanƙwashe gaɓarsa takan sandare, ko an saki jijiyar ba lalle ya miƙe sarai ba.

Magani na fari allura ce mai kashe kumburi, wadda likita ke yi daidai bakin zoben. Likitocin Amurka sun fara yin irinta a 1953. Fiye da rabin waɗanda aka yi wa suna warkewa, wani cikin kwanaki, wani sai ya yi makonni. In ciwon ya komo ana iya ƙara ta biyu, amma ba a yawaita ta, gama tana raunana jijiya. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita tun da wuri, domin allurar takan ɗaga sukari 'yan kwanaki, ba ta kuma cika yi masa aiki kamar sauran mutane ba.

In allura ta kasa, sai ƙaramin aiki. Ba a sa mutum barci, wurin kaɗai ake kashewa. Likita ya ɗan tsaga tafin hannu, abin da bai kai inci 1 ba, ya yanke zoben da ya tsuke, sauran zobban su ci gaba da riƙe jijiyar. Aikin kamar minti 20 ne, ran nan za ka koma gida kana motsa yatsanka. Bayan kwana 10 zuwa 14 a cire zare. Kusan duk wanda aka yi wa yana rabuwa da ciwon. Likitocin ƙashi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita 85 ne ko kusa da haka. Wanda zai tafi ya shirya a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, domin hannun yana bukatar makonni kafin ya koma aiki mai nauyi.

Iyaye mata kuma ku duba hannun 'ya'yanku. Wani yaro ɗan shekara 1 ko 2 akan ga babban yatsansa a lanƙwashe ba ya miƙewa. Ba laifin kowa ba ne. Waɗansu suna warkewa da kansu, waɗansu sai an yi musu aiki. Ku kai shi likita ya gani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gida wannan takarda, har da na cikin kulle, gama su ciwon ya fi kamawa, su ne kuma suka fi yin shiru da shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.