Manhajar da Ke Rubuta wa Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta banki, mu'amalarsa ta ratsa cikin wasu manyan manhajoji waɗanda ba a gina su dunƙule guda, sai gaɓa-gaɓa, wannan tana kula da asusu, waccan tana tabbatar da cewa abin da ya fita nan ya shiga can, in kuwa bai shiga ba a warware cinikin ɗungurungum. A shekarar 1998 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar da ƙa'idar gina irin waɗannan gaɓoɓi da harshen kwamfuta na Java, mai suna Enterprise JavaBeans, sai dai sharuɗɗanta sun tsananta ƙwarai, domin kafin gaɓa ɗaya ta motsa, wajibi ne marubuci ya tanadi fayil na ainihin aikin, da wani mai bayyana yadda za a samar da ita, da wani na yadda za a kira ta daga nesa, da na huɗu mai gabatar da ita ga babbar kwamfutar da za ta riƙe ta. In aka sauya suna a ɗaya aka manta da sauran, aiki ya tsaya cik.

Wannan wahala ce ta sa manhajojin da ake rubutu a cikinsu, irin su JBuilder, da NetBeans wadda ɗalibai suka faro a birnin Prag a 1996, da Eclipse wadda kamfanin IBM ya sakar wa jama'a a 2001, suka ɗauke nauyin maimaicin: marubuci ya faɗi suna da sifofin gaɓar, su kuwa su zubo sauran. Wata mai suna XDoclet ma, ɗan bayanin da marubuci ya sa a gefen aikinsa take karantawa, tamkar hashiyar malami a gefen matani, ta fitar da fayilolin daga gare shi.

Sauƙi ya samu, babu shakka, amma da illarsa, domin rubutu ya yi ta taruwa wanda ba mai karanta shi, kuma wanda ya gyara shi da hannu, sau da yawa gyaran kan shafe da zarar an sake fitarwa. Sai a 2006, da fitowa ta 3.0 ta ƙa'idar, aka soke wajabcin galibin fayilolin, 'yan alamomi cikin fayil ɗaya suka wadatar. A ganina wannan gyara ya fi dukan waɗancan manhajoji amfani, domin su sun rage raɗaɗin ciwon ne, shi kuwa ya kawar da sababinsa.